Tuddan Rairayi na Glamis, Inda Ba a Hawa Sai da Tuta

A watan Nuwamba na shekarar 2018 muka sami zarafin ziyartar jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, mu uku, dukanmu malaman makaranta. Mai masaukinmu a birnin San Diyego makaniki ne, dattijo mai fara'a. Ran nan da dare ya ce mana, "Ku kwanta da wuri, gobe za mu tafi hamada mu yi wasa da rairayi." Muka dubi juna. Mu da muka san rairayi da binne gona da kafe mota, ashe akwai waɗanda za su bar gida mai ruwan famfo, su biya kuɗi domin su shiga cikinsa?

Da asuba muka kama hanya, muka nufi gabas. Motarsa tana jan tirela, a kan tirelar kuwa ga wata 'yar mota marar gilashi, mai manyan tayoyi, da ƙarafa sun kewaye ta kamar keji. Muka haye duwatsu, muka gangara cikin wani kwari da ake kira Imperial. Kwarin nan yana ƙasa da bakin teku, ruwan sama kuma ba ya kai inci uku a shekara, amma ga gonakin albasa da karas da latas kore shar, gama an jawo musu ruwa daga Kogin Kolorado. Bayan garin Brawley gonaki suka ƙare farat ɗaya. Can gabanmu muka hangi wani abu ja-ja ya tare gabas duka. Mai masaukinmu ya ce, "Ga su nan."

Sunan tuddan Algodones, watau auduga da harshen Sifaniyanci, ko da yake ko kara ɗaya na auduga ba mu gani a kansu ba. Yawancin mutane sukan kira wurin Glamis, sunan wani ɗan ƙauye da ke gefensu. Tsawonsu ya fi mil 40, faɗinsu wajen mil 5, har sun ƙetare iyaka sun shiga Meziko. Waɗansunsu sukan kai ƙafa 300 a tsaye. Wanda ya taɓa ganin tuddan Yusufari a jihar Yobe ya san irin abin da muke faɗi, sai dai ya ƙara musu jerin tantuna da ƙugin injuna.

Filin ba na kowa ba ne, na jama'ar ƙasa ne duka. Wata hukumar gwamnatin tarayya da suke kira BLM, wadda aka kafa a 1946, ita ke lura da shi, tare da sauran filaye irinsa kimanin eka miliyan 245. Muka tambaya, in na jama'a ne, don me za a biya? Mai masaukinmu ya yi dariya, ya ce ai dā can ba a biya, ba a tambaya, kowa ya ga daji sai ya kutsa. Da motocin daji suka yi yawa, a 1972 Shugaba Nixon ya ba da umarni a keɓe wuraren da za su bi da wuraren da ba za su bi ba a filayen gwamnati. Daga nan dokoki suka yi ta ƙaruwa.

Takarda iri biyu ake nema, mu kuwa da fari muka ɗauka ɗaya ce. Ta fari ta jiha ce. Motar rairayi ba ta da lambar hawa titi, saboda haka akan yi mata rajista dabam, a ba ta wani ɗan tambari kore a manna mata, a sabunta shi bayan shekara biyu. Tun 1971 Kalifoniya take da wannan doka. A lokacin ziyararmu akwai kuma jan tambari na baburan da hayaƙinsu ya wuce ƙa'ida, waɗanda a wurare da yawa aka ƙayyade musu watannin fita. Ta biyu takardar shiga ce, ta hukumar tarayya, wadda ake sa wa babbar motar da ta kawo mutane, daga 1 ga Oktoba zuwa 15 ga Afrilu. Sauran watanni ba a nemanta, gama zafi yakan wuce digiri 43, shi kaɗai ya isa mai gadi.

A nan muka yi hasara. Takardar mako ɗaya dala 35 ce a wancan lokaci in ka saya a kanti tun a gari, amma dala 50 in sai ka iso. Mun wuce kantunan Brawley muna ta hira a kan albasa, ba wanda ya tuna. Mai masaukinmu ya biya 50 yana ƙunƙuni. Muka so mu cika masa 15 ɗin, ya ƙi. Ya kuma gaya mana katin shekara da ake shiga manyan gandayen ƙasar da shi ba ya aiki a nan, baƙi da yawa sukan zo da shi su koma sayen wata. Abin da ya sanyaya mana rai shi ne, bisa ga wata doka ta 2004, mafi yawan kuɗin nan a wurin da aka karɓa ake kashe su. Da su ake kwashe shara, a gyara makewayi, a ture rairayi daga kan hanya, a ɗauko waɗanda suka ji rauni. Mun shiga makewayin da ƙafarmu, mun same shi da tsabta.

Kafin a tā da 'yar motar, sai dattijon ya zaro wata doguwar sanda mai lanƙwasa kamar tsumagiya, da jar tuta a bakinta, ya ɗaura a baya. Doka ce: tsinin sandar ya kai ƙafa 8 daga ƙasa, tutar kuma inci 6 da inci 12, ja ko ruwan lemo. Ɗayanmu ya ce da Hausa, "Turawa da ƙawa, har mota sai an yi mata tuta kamar ta hakimi." Aka ba kowa hular kwano, aka ɗaure mu da bel. Ya nuna mana wata raga a cikin salansa mai tare tartsatsi, ita ma dole ce. Ba a shiga da abin sha na kwalba, ba a ƙona katako mai ƙusa, gama kwalba da ƙusa sukan ɓuya cikin rairayi su jira ƙafar yaro. Kusa da tanti ko mutane ba a wuce gudun mil 15.

To, hawan kansa ba shi misaltuwa. Motar takan haura tudu har ba ka ganin kome sai sama, sa'an nan ta karkata ta zubo, hanjinka ya taso maka wuya. Iska ita ke gina tuddan nan, gefe ɗaya ta yi masa hawa mai sauƙi, ɗaya gefen kuwa ta yanke shi tsaye kamar bakin rijiya. Mai hawa ba ya ganin abin da ke bayan ƙoli sai ya kai. Muna cikin haura wani babba, sai muka ga wani ɗan jan ƙyalle yana rawa a bisa ƙolin, ba mota, ba mutum, ƙyalle kaɗai. Nan take dattijon ya sake mai, ya karya sitiyari zuwa dama. Wata mota ta ɓullo daidai inda dā za mu fito, ta wuce mu da tazarar da ba ta fi taku biyar ba. Wani magidanci ne ke tuƙi, a gefensa ga yarinya, hular kwano ta rufe mata fuska duka. Ya ɗaga mana hannu, ya wuce. Abokinmu mai maganar hakimi bai ƙara cewa uffan ba sai da muka sauka.

Da la'asar muka hau wurin hange na Osborne, a bakin babbar hanya mai lamba 78. Daga nan mutum yakan ga abin mamaki. Kudu da hanya, tuddai duk sawun taya, ƙura ta tashi. Arewa da hanya kuwa shiru, rairayi sumul da zanen iska a kansa. Wannan ɓangare, kimanin eka 26,000, an keɓe shi tun 1994, ba injin da ke shiga, sai mai tafiya a ƙasa ko a kan doki. Muka tuɓe takalma muka ɗan taka ciki, muka ga sawun ƙadangaru da na ƙwaro kamar rubutun yara a kan allo.

A nan ne fuskar mai masaukinmu ta sāke. Akwai wani ɗan tsiro dangin wake, mai fure shunayya, wanda a duk Amurka ba ya fitowa sai a tuddan nan. A 1998 aka sa shi cikin jerin tsire-tsiren da ake tsoron ƙarewarsu. Masu kare halitta suka kai ƙara, a shekarar 2000 aka rufe wa motoci kimanin eka 49,000. Aka yi ta shari'a, sai a 2014 aka buɗe yawancin wurin, aka bar wa tsiron inda ya fi yawa. Dattijon ya ce shekara 14 ke nan, 'ya'yansa sun girma ba su taka inda mahaifinsa ya koya masa tuƙi ba, duk saboda ciyawa. Mun ji tausayinsa, gama kowa ya san zafin a hana ka wurin da ka sāba. Amma mun tsaya a kan hanyar nan mun dubi dama da hagu, a ganinmu kuwa ba a zalunci masu motoci ba, rabonsu ya fi girma nesa. Ba mu faɗa masa haka ba, gama abincinsa muke ci.

Kashegari muka koma ta kudu domin ya nuna mana tsohuwar hanyar katako. A 1915 aka shimfiɗa katakai a kan rairayi wajen mil 6 domin motocin farko su ƙetare tsakanin Yuma da kwarin Imperial. Iska takan binne ta, a tono da dawakai, har 1926 da aka yi ta kwalta. Ɗan guntun da ya rage an kewaye shi da shinge, katakan sun bushe sun tsattsage. Muka ɗauki hoto a gefensa. Takardarmu ta dala 50 tana da sauran kwana biyar, dattijon ya ce in muna so mu dawo ran Asabar. Biyu daga cikinmu suka yarda. Na ukun ya ce shi zai tsaya gida ya wanke tufafi.