Kallon Dorina Daga Kwalekwale A Ayoru

Jama'a, mu mutanen Illela ba 'yan ruwa ba ne. Babban ruwan da muka tashi muka sani shi ne tafkin Kalmalo, shi ma kuwa ya ja baya tun da aka datse kogin Maggiya a ƙasar Nijar. Saboda haka idan muka ji labarin Turawa na biyan kuɗi su shiga jirgi a gaɓar Kanada ko Norwe don kallon dabbar tekun nan mai baƙi da fari da suke kira orka, sai mu ce aikin wanda ya ƙoshi ne. To, ashe muna da irin wannan kallo kusa da mu. Masana ma sun ce duk cikin dabbobin tudu babu wadda ta kai dorina kusanci da waɗannan dabbobin teku wajen halitta.

Fatauci ne ya kai ni Ayoru, tun hanyar Tilaberi tana da lafiya. Daga Ƙonni sai Dogondutsi, sai Doso, sai Yamai, sa'an nan a ƙara wajen kilomita 200 ana bin kogin Kwara. Ran Lahadi kasuwar take ci. Da la'asar, bayan mun tashi, wani Basarke ya ɗauke mu a kwalekwalensa, yana tafe yana ƙwanƙwasa gefen jirgin da filafili don kada mu auka musu ba sanarwa.

Abin da ka fara gani ba ya wuce kunnuwa biyu da idanu da hanci, ka ce tukwane aka kife bisa ruwa. Can sai ɗaya ta nutse, ta yi kamar minti 5 ba labarinta, sa'an nan ta ɓullo inda ba ka zata ba, ta fesar da ruwa. Wata ta wage baki, na ce hamma take yi. Mai jirgi ya ce, "Alhaji, wannan ba hamma ba ce, kashedi ne." Nan take ya juya da mu.

Amma fa ni baƙo ne, na yi kallo na koma masauki. Shi da ke zaune nan, wata dabba dabam ya sani. Dorina takan fito da dare ta ci ciyawa kimanin kilo 40, ba ta kuwa bambanta ciyawar daji da shinkafar talaka. Tana kife jiragen masunta, tana kashe shanu a mashaya. A 2017 mutanen yankin suka fusata, aka kashe dorina aƙalla 27 cikin 'yan watanni. A wannan shekarar kuma gwamnatin Nijar ta keɓe musu wani sashen kogin, ta hana taɓa su.

Ni ban ga laifin hanin ba, gama dabbar da ke haihuwar ɗa guda a shekara biyu ba ta jure irin wannan kisa. Sai dai ma'aikacin da ya sa hannu a takarda a Yamai albashinsa na nan ƙarshen wata, manomin da aka cinye wa gona kuwa ba shi da inda zai kai kuka. Baƙin da a da suke kawo ɗan kuɗin kallo, rashin tsaro ya kore su. Ga kuma madatsar Kandaji da aka aza harsashinta a 2008, wadda aka tsara ruwanta zai ci wani ɓangaren garin Ayoru, har da fadamun burgu inda dorina da shanu suke kiwo.