Dawa Ba Ta Yi wa Kowa Alkawari Ba

Yanzu zuwa gandun dajin Yankari ya zama yayi. Da an yi hutun Salla ko na ƙarshen shekara, sai ka ga motoci maƙare da samari da 'yan mata sun nufi ƙasar Alkaleri, kiɗa na tashi, kowa da waya a hannu. Ban ƙi ba, gara haka da zaman majalisa ana cin naman mutane. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar da suke dawowa da ita, wai an cuce su: sun biya kuɗin shiga, sun biya na mota, amma ba su ga zaki ba. Wa ya gaya muku zaki ma'aikacin gwamnati ne da zai zo ya sa hannu ƙarfe takwas? Mai son ganinsa a kan lokaci ya tafi gidan zu na Kano, yana can a keji yana hamma.

Dawa ba ta yi wa kowa alkawari ba. Wannan shi ne guzuri na farko, kafin ruwa, kafin kuɗi. Faɗin gandun ya kai murabba'in kilomita 2,244, motar yawo kuwa wani ɗan zirin hanya take bi na awa biyu ko uku. Ba a ɗaure dabba ko ɗaya ba. Zakunan da suka rage 'yan ƙalilan ne, kuma da rana barci suke yi a cikin duhuwa. Akwai ma'aikatan da sukan daɗe ba su haɗa ido da shi ba, sai dai sawunsa a kan rairayi ko gurnaninsa da dare.

Lokacin ma da yawancinku kuke zaɓa ba shi ne mafi kyau ba. Da damina kada ka wahalar da kanka: gamba ta fi mota tsawo, kowane kwari da ruwansa, dabbobi sun bazu ba su da bukatar kowa. A Disamba da Janairu jiki ya fi jin daɗi, sai dai hazo, kuma har yanzu akwai sauran tafkuna a ciki. Mai son gani da gaske ya jira zafi, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu. A lokacin ciyawa ta kwanta, ganye ya kaɗe, ruwa ya janye ko'ina sai kogin Gaji, wanda ba ya ƙafewa. Ƙishirwa ce ke kawo maka giwa da ɓauna da gwanki da gwambaza, ba kuɗin da ka biya ba. Za ka sha rana, ba shakka. To, sai ka zaɓa.

Hanya ba wuya. Daga Bauchi ka kama titin Gombe, ka ratse a Dindima, ka isa ƙofa a Mainamaji. Daga nan akwai sauran tafiya ta wajen kilomita 40 a cikin dajin kafin masaukin Wikki. Ka cika tanki tun daga gari, ka riƙe tsabar kuɗi, ka tambayi lafiyar hanya kafin ka fito, ka isa da sauran rana. Kuma ka kwana. Masu zuwa da hantsi su koma da la'asar sun zo daidai lokacin da komai ya shige inuwa. Fita biyu ce mai amfani, ta bayan asuba da ta bayan la'asar.

Wata shekara muna bayan buɗaɗɗiyar mota a gefen Gaji, tare da wani ɗan jagora, dattijo siriri wanda aka ce maharbi ne a da kafin a ɗauke shi gadin daji. Ya bugi rufin mota, direba ya tsaya ya kashe inji. Ya nuna mana kashin giwa a tsakiyar hanya, ɗanye, ƙudaje ba su gama taruwa a kai ba, ga wani reshe da aka ɓalle, ruwansa bai bushe ba. Ya ɗebi ƙura da yatsu ya sake ta, ya ga inda iska ta kai ta. Shi ke nan, ya zauna. Muka zauna. Wani ɗan kasuwa da ke kusa da ni ya duba agogo ya fi a ƙirga, can ya ce, "Baba, mu ƙara gaba mana, nan ai ba komai." Dattijon ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Alhaji, su sun san da mu. Mu ne ba mu san da su ba." Aka daɗe. Sai wani ƙugi mai kauri ya fito daga cikin kurmi, wanda ƙirjinka ke ji kafin kunnenka. Uwar garke ta fara fitowa, ta ɗaga hanci ta shinshina, sannan saura suka biyo da 'yan ƙanana a tsakiya. Abin da har yau nake mamaki shi ne tafiyarsu: duk girman nan, ba ka jin takunsu. Da mun bi ta Alhaji, da mu ma mun koma gida muna cewa ba komai a Yankari.

Batun sutura, a bar farar shadda da jan mayafi a gida, a sa mai launin ƙasa, mai dogon hannu. A guji baƙi da shuɗi mai duhu, tsando na son su, cizonsa kuwa ba wasa ba. Malafa, rufaffen takalmi, ruwa mai yawa, maganin sauro, rawani ko gyale saboda ƙura. A bar turare. Mai madubin hangen nesa ya tafi da shi, don tsuntsayen wurin sun haura iri 350, kuma wanda ya tsaya ya kalli burtu yana taku a fili bai yi asarar fitarsa ba.

Dabbar da na tabbata za ka gani ita ce gwaggon biri, don shi zai zo ya same ka. A Wikki ya san ƙarar leda, ya san kular abinci, ya san ƙofar da ba a kulle ba. Na ga ya fizge burodi daga hannun wata baiwar Allah, ya hau rufin ɗaki ya zauna yana ci yana kallonta. Mutane ne suka lalata shi da miƙa masa abinci don a yi dariya. Ku kulle ɗaki da mota, kada ku ba shi komai. Gadu ma yana yawo a tsakar masaukin yana kiwo a durƙushe, a ba shi hanya.

Wayar nan kuwa! Yaro zai juya wa giwa baya don fuskarsa ta fito tare da ita. Wani har roƙon direba yake a bar shi ya sauka. Giwa mai ɗa in ta baza kunne ta girgiza kai, magana take yi maka. Ɓauna ba ta ma yin gargaɗin, dorina kuma ta fi ka gudu a tudu. In ɗan jagora ya ce a zauna, a zauna. In ya ce shiru, a yi shiru. Ku mai da wayar aljihu ku yi kallo da idon da Allah ya ba ku.

Ko da yake, ku ɗauki hoton. Mu ba mu ɗauka ba, don mun zaci abin ba ya ƙarewa. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Duk wannan a idonmu aka yi, muna ta cewa giwa ai tana nan, wata rana ma kai yara. Kafin mu farga maharba sun yi nasu, masu neman haure sun yi nasu, shanu sun kutsa, gonaki sun matso har bakin iyaka. Raƙumin dawan da kakanninmu suka sani a dazuzzukan ƙasar Hausa, yau mai son ganinsa yana yawonsa sai ya je Kure, kusa da Yamai. Waɗanda ke gandun Sumu na Ganjuwa daga Namibiya aka kawo su. Na ce ku yi haƙuri, yanzu kuma ina cewa ku hanzarta. Duka biyun nake nufi. Ku je bana, ku tafi da yara, amma ku gaya musu tun a mota cewa mai yiwuwa ba za su ga giwa ba.

In an dawo daga yawo, ga ruwan Wikki, garau, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. A yi wanka, a kwashe leda da robar da aka zo da su. Mai sauran ƙarfi ya nemi a kai shi kogunan dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey, ya ga cewa mutane sun zauna a dajin nan tun kafin a yi masa ƙofa. A sallami ɗan jagora da abin kirki, ko an ga giwa ko ba a gani ba, don shi da abokansa ne ke kwana a dawa suna fuskantar bindigar maharba. In kuma kun tsaya sayen ruwa a ƙauyukan bakin gandun, ku rage yabon giwa a gaban mai shago. Wataƙila ita ta cinye masa masararsa bara, a dare ɗaya.