Inda Ƙwallo Ta Shiga Jini: Ziyarar Nima da Mamobi

Daga Kano na bi ta Legas, na ƙetare iyakar Seme, na ratsa Kwatano da Lome, na shiga Gana ta Aflao. Zumunci ne ya kai ni Akra, wajen ƙanin mahaifina da ya daɗe a Nima. Da na sauka daga motar haya a bakin babban titin unguwar, Hausa ce ta tarbe ni ta kowace kusurwa: mai koko da ƙosai, mai shinkafa da wake, mai tuwon zafi. Amma tun kafin in kai gida na lura da wani abu. Duk lungun da na leƙa, yara ne babu takalma suna buga ƙwallo, duwatsu biyu ne ragarsu, kwata kuma ita ce iyakar fili.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun san yadda kurket ya kama zukatan Indiyawa. Yaransu na buga shi a lungunan Mumbai da guntun katako, kuma ba su manta da kofin duniya na 1983 da na 2011 ba. Irin wannan ƙauna ce na tarar a Nima, sai dai a nan ƙwallon ƙafa ce sarauniya.

Washegari Baba, ƙanin mahaifin nawa, ya ce, "Ɗana, in kana son ka san unguwar nan, mu je filin ƙwallo na Kawokuɗi da la'asar." A hanya muka wuce babban Masallacin Ƙasa na Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021. A filin kuwa babu masaka tsinke. Wata ƙungiya na fita, wata na shiga, dattawa na gefe suna gyara wa yara tsayuwa kamar jikokinsu na cikin gida. Bahaushe, Badagombe, Bazabarme, Bakotokole da Bafulatani duk riga ɗaya suke sawa, kuma da Hausa ake kiran a ba da ƙwallo.

Sunan da ke bakin kowa shi ne Mohammed Kudus. A Nima aka haife shi a 2000, ya fara da ƙungiyar yara ta Strong Tower, daga nan makarantar ƙwallo ta Right to Dream ta ɗauke shi. Ya tafi Nordsjaelland ta Denmak a 2018, Ajax ta Holan a 2020, sai West Ham ta Ingila a 2023. A gasar kofin duniya ta Katar a 2022 ya ci Koriya ta Kudu ƙwallaye biyu, Gana ta yi nasara da ci 3 da 2. Wani mai shayi ya ce mini, "Malam, ran nan ko kurma ya san an ci ƙwallo a Nima." Dattawa kuma sai su tuna maka da Mohammed Polo, gwanin yanka na Hearts of Oak, wanda yake cikin tawagar da ta ɗauki kofin Afirka a 1978.

Da dare, a majalisar matasa ta Mamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da Nima, gardama ta kaure tsakanin magoya bayan Hearts, wadda aka kafa a 1911, da na Asante Kotoko ta Kumasi. Ana cikin raha sai wani dattijo ya ambaci 9 ga Mayu, 2001, wuri ya yi tsit. A ranar ce ƙungiyoyin biyu suka kara a filin wasa na Akra, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, aka yi turmutsitsi a ƙofofin fita, fiye da mutum 120 suka rasu. Da yawansu 'yan zango ne, wato unguwanni irin su Nima da Mamobi. Muka yi musu addu'a, Allah Ya jiƙansu da rahama. A nan na gane cewa mutanen nan sun biya wa wannan ƙauna farashi mai tsada, kuma ba su sake ta ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙarancin wuri. Gidaje sun cushe, gini na cinye kowane sarari, yara masu ɗimbin yawa na rububin filaye ƙalilan. Kuma cikin dubu, ɗaya ne zai kai inda Kudus ya kai. Shi ma makarantar da ta goya shi ta haɗa masa ƙwallo da karatu ne. Don haka ina roƙon sarakunan zango, limamai da masu hali su tsare filayen da suka rage, su kuma sa sharaɗi cewa yaron da bai je makaranta da islamiyya ba, ba zai sa rigar ƙungiya ba. Wannan roƙo ya shafi Fagge da Tudun Wada na Kano kamar yadda ya shafi Nima, domin yaranmu ma filin suke nema.