Kuɗin Ruwa Ma Farashi Ne, Ana Taya Shi

Jama'a, idan akwai abin da Allah Ya hore wa Bahaushe gwaninta a kansa, to ciniki ne. Ko tumatur na naira ɗari zai saya sai ya taya, mai kaya ya ce albarka, ya ƙara, a ja a ja har a sallama, bayan an sallama kuma ya nemi gyara. Amma wani abin mamaki shi ne, mutumin nan da ba ya jin nauyin neman ragin naira goma a kasuwa, da zarar ya shiga banki aka miƙo masa takarda mai hatimi, sai bakinsa ya mutu. Duk abin da aka rubuta a ciki sai ya ɗauka hukunci ne da ba ya tashi, ya sa hannu ya fito. Alhali kuwa kuɗin ruwan da aka rubuta ɗin nan farashi ne kamar na gero da dawa, watau farashin hayar kuɗi, kuma akan sami inda ake rage shi idan an tambaya.

Inda wannan magana ta fi fitowa fili shi ne ƙasar Amurka, mahaifar katin bashi. Wannan kati dabam yake da katin cirar kuɗi da yawancinmu muke riƙe da shi a nan gida, wanda abin da ka ajiye ne kawai yake ba ka. Shi katin bashi kuɗin banki kake kashewa, ƙarshen wata a aiko maka da lissafi. In ka biya duka kafin wa'adi, babu ruwa a kanka. In ka bar saura, sai ruwa ya fara hawa, kullum ana lissafa shi. A shekarar 1950 aka fito da katin Diners Club, sa'an nan a 1958 Bankin Amurka ya rarraba nasa katin a garin Fresno na jihar Kalifoniya, wanda shi ne ya zama Visa a 1976. A da jihohi da dama suna da dokar da ta ƙayyade iyakar ruwan da za a ɗora wa mai cin bashi. Amma a 1978 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci cewa bankin tarayya yana iya bin dokar jihar da yake zaune a cikinta, ko a ina mai katin yake. Jihar Dakota ta Kudu ta cire tata iyakar, nan da nan Citibank ya kwashe sashensa na kati ya koma can a 1981. Tun daga lokacin ruwan kati ya zama abin da banki ya ga dama ya sa. A 2023 bashin kati da ke kan Amurkawa ya haura dala tiriliyan 1, matsakaicin ruwansa kuwa ya wuce kashi 20 cikin ɗari a shekara.

Ni dai na fara sanin ana taya wannan ruwa ne daga bakin ɗan baffana, wanda ya daɗe yana tuƙin tasi a birnin Shikago. Muna gaisuwar Sallah ta waya sai hira ta kai mu ga batun bashi, ya ce akwai dala 5,000 a kan katinsa tun lokacin da injin motarsa ya lalace, ruwan kuwa kashi 24 cikin ɗari ne, amma ya sa an mayar da shi 18. Na ce, "Yaya, wa ka sani a bankin?" Ya yi dariya ya ce, "Haba ƙanena, kai da kake ɗan jarida! Lambar da ke bayan katin na buga. Na ce musu shekara shida ina tare da ku, ban taɓa makara ba ko sau ɗaya, ga shi wani banki ya aiko mini da tayin da ya fi naku sauƙi, me za ku yi mini? Yarinyar da ta ɗauka ta ce ba ta da iko. Na ce to haɗa ni da mai ikon. Kafin shayina ya huce an gama magana."

Da muka yi sallama sai na ɗauki biro na buga lissafin, domin in ga ko abin ya kai a yi masa waya. Ruwan kashi 24 a kan dala 5,000 ya kama kusan dala 100 kowane wata. Idan mutum yana biyan dala 150 a wata, 100 ta tafi ga ruwa, 50 kacal ce take taɓa uwar kuɗin. A haka sai ya yi wata 56 kafin ya fita, ya biya ruwa wajen dala 3,300. Idan kuwa aka mayar da ruwan kashi 18, da wannan biyan dai na dala 150 zai fita cikin wata 47, ruwan da zai biya bai kai dala 2,000 ba. Watau magana ta minti goma ta tsirar masa da fiye da dala 1,300, ta kuma rage masa wata tara na zaman ɗar-ɗar. Ga mai tuƙin tasi da ke aiko wa gida kuɗin makarantar yara da na asibitin tsofaffi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai karatu zai ce, to me zai sa banki ya yarda ya rage ribarsa? Ba tausayi ba ne, lissafi ne. Ruwan kati hawa biyu gare shi. Na ƙasa yana bin ma'aunin Babban Bankin ƙasar, in ya hau ya hau, in ya sauka ya sauka, wannan ba a taya shi. Na sama kuwa shi ne abin da banki ya ƙara gwargwadon yadda yake tsoron kada ka gudu da kuɗinsa. A can kowane mai cin bashi yana da maki, daga 300 zuwa 850, wanda ke nuna amanarsa wajen biya. Wanda ya karɓi kati yana sabon zuwa, makinsa na ƙasa, an sa masa ruwan baƙo. Bayan shekara shida yana biya a kan kari ya zama ɗan gari, amma banki ba zai zo da kansa ya ce ya rage masa ba. Daɗin daɗawa, duk sayayyar da ka yi da katin akwai la'adar da mai kanti yake biya, kuma neman sabon abokin ciniki yana cin kuɗin talla mai yawa. Saboda haka riƙe tsohon mai biya da ragi ya fi wa banki riba bisa ga ya bar shi ya koma wajen kishiya. Wani bincike da kamfanin LendingTree ya yi a 2023 ya nuna cewa kimanin uku cikin huɗu na waɗanda suka nemi ragi sun samu. Abin takaicin shi ne mafi yawan masu katin ba su taɓa tambaya ba.

Sai dai ciniki yana da ƙa'ida, kuma ba a shiga kasuwa da ka. Kafin ka buga waya ka san nawa ake binka, nawa ne ruwanka, yaya makinka yake, me wasu bankuna suke bayarwa. Ka yi magana cikin ladabi, domin roƙo kake yi, babu dokar da ta tilasta musu. In an yarda, ka tambaya ragin na dindindin ne ko na 'yan watanni, ka kuma nemi a rubuto maka. In an ƙi, ka bari a kwana biyu ka sake gwadawa. Wanda kuwa aiki ya kuɓuce masa ko ciwo ya kwantar da shi, gara ya faɗi gaskiya tun bai fara makara ba, domin bankuna suna da shirin sassauci ga mai irin wannan hali, ko da yake sau da yawa sukan dakatar da katin. Mai niyyar kwashe bashinsa zuwa wani banki ya tuna akwai ladan kwasa, yawanci kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. A kuma yi hattara da dillalan da ke bugo waya suna cewa a biya su tukuna su nemo ragi. Tun 2010 hukumar ciniki ta Amurka ta hana irin waɗannan karɓar lada kafin aiki.

Hukuma ma takan sa baki. Dokar kati da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2009 ta wajabta wa banki ya ba da sanarwar kwana 45 kafin ya ƙara ruwa, ya kuma rubuta a takardar lissafi tsawon lokacin da mutum zai ɗauka in mafi ƙarancin biya kawai yake yi. A Ingila kuwa, tun 2018 an umarci bankuna su tuntuɓi duk wanda ya yi wata 18 abin da yake biya na ruwa da caji ya fi na uwar kuɗi, in abin ya kai wata 36 su nemo masa mafita, har da rage ruwan ko yafe shi idan ba shi da hali.

A nan Nijeriya katin bashi bai yaɗu ba, amma bashin albashi da na manhajojin waya sun shiga gidaje da yawa, kuma ruwansu ba wasa ba ne, musamman da ma'aunin Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, jadawalin caji da Babban Bankin ya fitar, wanda ya fara aiki a 2020, ya bayyana ruwan rancen naira a matsayin abin da ake daidaitawa tsakanin banki da mai karɓa. Manyan 'yan kasuwa sun san haka, suna kuwa tayawa. Malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci su ne ke sa hannu shiru.

Ba na rufe wannan magana ba tare da na faɗi abin da ke zuciyar mai karatu Musulmi ba. Riba haramun ce, kuma ragi ba ya halatta ta. Hanyar da ta fi tsira ita ce kada a shiga, ko a nemi bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Amma Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda larura ta riga ta jefa shi rami, duk abin da zai gajarta masa zama a ciki alheri ne. Sharaɗin kawai shi ne abin da aka rage ya tafi ga biyan uwar kuɗin, kada ya zama dalilin sabuwar sayayya. Mai bashi ya cire kunya ya buɗe baki ya taya, iyakarta dai a ce masa albarka. Allah Ya raba mu da ƙangin bashi, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.