KAMA DA WANE BA TA WANE: TSOHUWAR BINDIGA DA CINIKINTA

Mu da muka tashi a karkarar arewacin Kano, wajejen Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Bici, mun san ƙasa ce wadda gona ke manne da gona, ba ka yin doguwar tafiya ba ka ga shinge da rumbu da gawo ba. Daji ya daɗe da ƙarewa, naman dawa ya bi shi, saboda haka bindigogin da kakanni suka yi farauta da su suka koma rataye a bangon ɗaki, ba a sauko da su sai an yi biki ko hawan salla. To, a kan waɗannan bindigogi ne dillalan kayan tarihi suke sa ido, kuma sun san lokacin zuwa, wato bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki ana nema. A irin wannan ciniki mutum biyu ne ke iya cutuwa: magajin da zai sayar da abu na asali a kuɗin buhun gero, da mai sayen da za a ɗora wa ƙirar shekaranjiya da sunan ta ga yaƙi.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna an shigo da bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Daga baya aka yi Yaƙin Basasa daga 1893 zuwa 1895, aka gwabza da Damagaram a Tattarawa a zamanin Sarki Alu, wanda ake wa laƙabi da Maisango, sannan Turawa suka ci birnin ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Dillali ya haddace waɗannan sunaye kamar karatun allo. Da wuya ya miƙo maka bindiga bai ce, "Alhaji, wannan ta je Tattarawa" ba. Da dukkan bindigogin da aka ce sun je can sun je ɗin, da filin bai ɗauke su ba.

Masu tara tsofaffin bindigogi a Turai da Amurka su ma suna fama da wannan ciwo, sai dai su suna da takarda. Alal misali, akwai ƙaramar bindigar gasar harbi ta kamfanin Colt mai suna Woodsman, wadda aka ƙera daga 1915 zuwa 1977. Mai saye zai duba lambarta, ya ga ko launin ƙarfen na masana'anta ne ko an sake shi, har ya nemi wasiƙa daga kundin kamfanin wadda za ta faɗi ranar da aka fitar da ita da inda aka kai ta. Mu ba mu da kundi. Abin da muke da shi ido ne, da hannu, da bakin dattawa, kuma idan aka yi amfani da su cikin natsuwa sun isa su raba aya da tsakuwa.

Abu na farko da muka koya daga tsofaffin maƙera shi ne a fara da bututu, domin shi ne bindigar, sauran duk sutura ce. Yawancin tsofaffin bindigogin ɗuri ta baki da suka shigo Afirka ta Yamma a ƙarni na 19 an ƙera su ne a Bamingaham ta Ingila ko Liyej ta Beljiyam, kuma garuruwan biyu suna da gidan gwajin bututu da ke buga hatimi kusa da gindinsa. Hatimin Bamingaham daga 1813 sanduna biyu ne a gicciye da kambi a sama, a 1904 aka koma haruffan BP da BV ƙarƙashin kambi. Na Liyej kuwa haruffan ELG ne cikin zobe mai siffar ƙwai, kuma sai a 1893 aka fara ɗora wa zoben kambi. Ka ga ke nan bindigar da ke ɗauke da BV ta bayan 1904 ba ta ga shigowar Turawa Kano ba, komai rantsuwar mai ita. Haka nan kasancewar bindiga mai ƙanƙara ce ba ya tabbatar da tsufanta, don yarjejeniyar Burusal ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani Afirka amma ta bar ƙofa ga masu ƙanƙara, sai Turawa suka ci gaba da ƙera mana su har cikin ƙarni na 20.

Abu na biyu, a duba ɗinkin aikin. Maƙeranmu sun daɗe suna yin bututu da fayif ɗin ruwa ko sandar sitiyarin mota, kuma wannan ba abin raini ba ne, ƙira ce ta gida mai darajarta, muddin an kira ta da sunanta. Amma idan ka ga tabon walda, ko ƙusa mai murɗi wadda kanta ke da tsagar gicciye, irin wadda ba ta yaɗu ba sai cikin shekarun 1930, to wannan wurin ba aikin zamanin Alu ba ne. Tsatsa ma tana magana. Ta shekaru tana da duhu da santsi, ta fi yawa a lungu, ta ragu a inda hannu ke riƙewa. Ta gaggawa kuwa, wadda ake samu ta binne ƙarfe a ƙasa mai laima ko shafa masa gishiri, ja ce, tana bin yatsa, kuma ta rufe ko'ina bai ɗaya. Ƙotar da aka rataye a madafa wata biyu ta sha hayaƙi za ta yi baƙi, amma ba za ta yi sulɓin da kafaɗa da gumi ke bari ba.

A nan ne za mu ɗan saɓa wa Turawa. Su a wurinsu duk wani gyara yana rage daraja. Mu kuwa bindigar da ta yi shekara ɗari a karkara ba za ta rasa sauyin ƙota ba, da ɗaurin fata, da ƙawanyar tagulla, da layu. Waɗannan su ne shaidar rayuwar da ta yi a hannun mutanenmu, kuma wanda ya cire su don ya ga ƙarfe tsirara ya share rabin labarin. Mun taɓa ganin wani saurayi a wani ƙauye da ya kwana biyu yana dirzar bindigar kakansa da yashi da toka don ta yi ƙyalli kafin mai saye ya zo. Da ya gama sai hatimin ya bi tsatsar. Tsohon gidan ya juya ta a hannu ya ce, "Yaro, ka wanke ta har ka wanke sunanta." Garin neman gira aka rasa ido.

Abu na uku, kuma mafi nauyi, shi ne salsala. Kada a tsaya ga bakin dillali, a je gidan da bindigar ta fito, a gai da dattijo, a ce, "Baba, ta wace ce, kuma ta yaya ta zo gidan nan?" A tambayi mutum biyu ko uku daban-daban, a ji ko zancen ya haɗu. Labarin gaskiya yakan zo da ƙananan abubuwa, kamar sunan maƙerin da ya sauya ƙota, ko shekarar yunwar da aka jinginar da ita aka fanso. Na ƙarya kuwa sarakuna da yaƙoƙi kawai yake ambata, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Daɗin daɗawa, akwai hukuma. Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa ƙananan bindigogin hannu, har da tsofaffi masu ƙanƙara, cikin rukunin da ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, ta kuma ba kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon wajabta lasisi a kan dogaye masu ɗuri ta baki. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta hana sayar da shi sai ga hukumar ko wakilin da ta amince da shi, ta kuma hana fitar da shi waje ba da izini ba. Sannan mu ja kunnen masu sha'awar gwadawa: bututun da tsatsa ta ci ta ciki ba ya ɗaukar ɗuri, yana iya fashewa a fuskar mai harbi. Tsohuwar bindiga ta kallo ce.

Shawararmu ga magada ita ce, kafin a yi maganar kuɗi a zauna da tsofaffin gida a rubuta abin da suka sani, a ɗauki hoton hatimin da na layun, a ajiye takardar tare da bindigar. Idan riƙon ya gagara, Gidan Makama yana nan a birni, a je a nemi shawarar ma'aikatansa. Kuɗin da dillali zai ƙirga ba zai kai kaka ba, amma bindigar da ta bar gida ba tare da labarinta ba ta zama guntun ƙarfe da itace a bangon wani baƙo, jikoki kuma su tashi ba su san a gidansu an taɓa yin maharbi ba. Allah Ya sa mu gane.