Akwati mai kwaɗo uku

Tsofaffin Dumega, a ƙasar Arewa ta Nijar, da yunwa suke ƙirga shekaru: ta 1973, ta 1984 da ake kira El-Buhari, sai ta 2005. Wata dattijuwa da ta ga duka ukun, wadda jikoki da ƴan unguwa ke ce wa Inna, ba ta raina buhunan taimako da aka sauke a lokacin ba, don sun ceci rayuka. Sai dai a ganinta buhu ƙarewa yake yi, motar da ta kawo shi kuma ba ta san hanyar dawowa ba.

Abin da ya zauna, in ji ta, shi ne asusu.

Adashi daɗaɗɗe ne a wajen mata. Amma a 1991 ƙungiyar CARE ta gwada wani sabon salo a jihar Maraɗi da sunan Mata Masu Dubara, wanda daga baya ya bazu a Nijar, har ƙasashen Afirka da dama suka ɗauka. Mata kamar ashirin ko talatin ke haɗuwa kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanke, ko dala ashirin ce. Kuɗin na shiga akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku dabam. Mai bukata ta ci bashi ta biya da ɗan ƙari, in shekara ta zagayo a raba.

Inna ta fi daɗewa a kan maganar damina. Lokacin ne rumbu ke ƙarewa, tiyar hatsi ta yi tsada, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara. Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, to amma kuɗin kabu-kabu zuwa likita fa? In magani ya yanke a can, wa zai saya? A da sai uwa ta jira maigida, wanda wataƙila bai dawo daga cin rani a Najeriya ba, ko ta sayar da akuyarta a wulaƙance. Yanzu takan nufi matan asusu, kafin azahar yaro na gaban malamin likita. Da bashin nan wasu ke sayen gyaɗa su yi mai da ƙuli-ƙuli, ribar ta zama sabulu, takalmi da littafin makaranta.

Ba ta ɓoye inda abin ke ciwo ba. Akwai mazan da ke tura matansu su ciyo bashi, su karɓe, ranar biya su bar su da kunya. Akwai kuma gwauruwar da ko dala ashirin ɗin ta fi ƙarfinta, alhali ƴaƴanta ne suka fi rama. A nan Inna na da gaskiya da take matsa wa ƙungiyarsu lamba: a ba irin wannan mata aron akuya, ta riƙe har ta haihu ta yaye, ta mayar da uwar, ƴaƴan su zama nata, sannan ta fara zubi kamar kowa.