Gidan Rumji, Masaukin Baƙi

Matafiyin da ya bar Maraɗi ya nufi yamma bisa gudron, in ya wuce Tsibirin Gobir, ya shiga ƙasar Gidan Rumji. A shekarar 2019 dubban iyalai suka tsallako nan daga Zamfara, Sakkwato da Katsina, suna gudun ƴan bindiga, akasarinsu mata da yara. Ƙauyuka suka buɗe musu ƙofa, don harshe ɗaya ne, auratayya kuma ta daɗe. Ita kanta masarautar Maraɗi, Katsinawa masu hijira suka kafa ta.

Daga baya hukuma da HCR suka maida wasunsu nesa da iyaka, a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. An samar da ruwa, lakwal da ɗakin likita. Sai dai akwai ciwon da allura ba ta kai gare shi: yaro mai firgita cikin barci, yarinyar da ta daina magana, uwar da ba ta ga kabarin mijinta ba.

Maganin wannan ciwo sauraro ne. Ƙarƙashin rumfa yara na wasa da zane, ma'aikaci na lura da wanda ya ware kansa. Mata na zama su amayar da abin da ke cin ransu. Wanda abin ya yi wa nauyi, a kai shi ga likita.

Aikin bai tsaya ga ƙungiyoyi ba. Mushen da ya karɓi ɗan baƙo cikin aji, da ɗan kasuwar da ya koya wa maraya sana'a, su ma masu magani ne.